Su Wane Ne 'Yan Ƙasa a Andalus? Tarken Muhawarar Kastro da Sanches-Albornos

A shekarar 1948 aka buga wani littafi a babban birnin Ajantina wanda ya tayar da ƙurar da har yau ba ta gama lafawa ba a tsakanin masana tarihin Sifaniya. Marubucinsa Ameriko Kastro ne, masanin harshe da adabi, wanda yaƙin basasar ƙasarsa na 1936 zuwa 1939 ya kora zuwa Amurka. Ma'anar sunan littafin ita ce Sifaniya a cikin tarihinta: Kirista da Musulmi da Yahudu. Bayan shekara takwas, a wannan birni dai, Kalaudiyo Sanches-Albornos, shi ma ɗan gudun hijira, ya mayar masa da martani cikin manyan mujalladai biyu da ya kira Sifaniya, kacici-kacicin tarihi. Tambayar da suka yi ta ja-in-ja a kanta ɗaya ce: yaushe aka fara samun al'ummar da ake kira Sifaniyawa, kuma mene ne rabon Musulunci a cikin samuwarta?

Ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa yana da hannu a wannan shari'a ko da bai sani ba. Alfiyyar da yake haddacewa, mai ita Ibn Malik haifaffen Jayyan ne. Shaɗibiyyar masu ƙira'a sunan garin Shaɗiba take ɗauke da shi. Alfazazi mai Ishiriniya a Ƙurɗuba aka haife shi, Ibn Asim mai Tuhfa alƙalin Garnaɗa ne, kuma Muwaɗɗar da ke hannun jama'a ruwayar Yahya bin Yahya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Idan maganar Sanches-Albornos ta tabbata, waɗannan bayin Allah Sifaniyawa ne da suka yafa aron riga. Idan kuma labarin da ya fi yawo a bakin masu wa'azi ya tabbata, baƙi ne Larabawa da suka ci ƙasa da yaƙi, suka zauna, aka kore su. Dukkan hotunan biyu suna da gurbi, kuma gurbin iri ɗaya ne.

Kafin a shiga littattafan, ita ƙasar tana da abin faɗi. Larabawa sun kira ta Jaziratul Andalus saboda ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, duwatsun Firinis kuma sun toshe ta daga Faransa. Mashigar ruwan da ta raba ta da Maroko ba ta wuce kilomita 14 ba a inda ta fi ƙunci. Tsakiyar ƙasar tudu ne mai faɗi, mai tsananin sanyi da tsananin zafi, wanda jerin duwatsu suka yanka gunduwa-gunduwa daga gabas zuwa yamma. Manyan kogunanta, wato Duwero da Tajo da Guwadiyana da Guwadalkibir, wanda asalin sunansa al-Wadil Kabir, haka su ma suke kwance zuwa Tekun Atlantika, Ebro ne kaɗai a cikin manyan ya nufi Bahar Rum. Arewa maso yamma ƙasar ruwan sama ce da kiwo, kudu da gabas kuwa sai da ban-ruwa ake cin moriyarsu. Wannan tsari shi ya sa iyaka tsakanin Musulmi da Kirista ta riƙa tafiya daga kogi zuwa kogi, tana tsayawa shekaru aru-aru a kowane zango, kuma shi ya sa Banu Umayya suka tsara iyakokinsu gida uku: ta sama a Saraƙusɗa, ta tsakiya a Ɗulaiɗila, ta ƙasa a wajen Marida.

Daga nan ake gane cewa maganar ƙarni takwas, wadda kowa ke maimaitawa, Garnaɗa kaɗai ta dace da ita. Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetaro a 711, Garnaɗa ta miƙa wuya ranar 2 ga Janairun 1492. Amma Barsalona ta fita hannun Musulmi tun 801, Ɗulaiɗila a 1085, Saraƙusɗa a 1118, Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248, duwatsun Asturiya kuwa da ƙyar mulkin Musulmi ya yi 'yan shekaru a cikinsu. Mutumin Galisiya da mutumin Balansiya ba tarihi ɗaya suka gada ba, ba ma harshe ɗaya ba. Kuskuren farko da Kastro da abokin hamayyarsa suka yi tarayya a kai shi ne ɗaukar masarautar Kastila a matsayin Sifaniya gaba ɗaya, alhali Katalawa da Baskawa da mutanen Fotugal kowa da inda ya fito.

Da'awar Kastro mai ƙarfi ce. A ganinsa, mutanen da suka zauna a wannan ƙasa zamanin Rumawa, da Gotawan da suka gaje su, waɗanda Larabawa ke kira al-Ƙuɗ, ba Sifaniyawa ba ne, kamar yadda zama a kan ƙasa ɗaya ba ya mayar da magabaci da mamayi al'umma guda. Basifaniye an ƙera shi ne bayan 711, a cikin zaman cuɗanya da gogayya tsakanin jinsi uku, Kirista da Musulmi da Yahudu. Ya kafa hujja da harshe: kalmomin Larabci a Sifaniyanci an ƙiyasta sun kai dubu huɗu, kuma sun taru ne a fannin noma da ban-ruwa da kasuwa da mulki. Kalmar da suke kiran shugaban gari da ita, alcalde, da kalmar alƙali ta Hausa, uwa ɗaya ta haife su. Ya kafa hujja da ibada: ziyarar kabarin Santiyago, wanda Larabawa ke kira Shant Yaƙub, a wurinsa martani ce ga matsayin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma hajji suke da shi a zukatan Musulmi. Ƙungiyoyin mayaƙan coci irin ta Kalatiraba ya ce kwaikwayon ribaɗi ne. Daga baya ma ya nanata cewa ita kanta kalmar español daga kudancin Faransa ta shigo, baƙi ne suka fara kiran Kiristocin ƙasar da suna guda.

Gaskiyar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce, domin ya rushe tunanin cewa al'umma wani abu ne da aka halitta cikakke tun fil azal. Sai dai hanyar da ya bi tana da rauni. Kastro ɗan adabi ne, kuma daga waƙa da ƙagaggen labari ya fi ciro hujjojinsa, ba daga takardun kotu da na haraji ba. Yakan ga kamanni tsakanin abu biyu ya yanke cewa ɗaya ya haifi ɗaya, alhali ƙungiyoyin mayaƙan coci suna da samfuri mafi kusa a 'yan'uwansu da suka tashi a Ƙudus zamanin yaƙoƙin Gicciye. Abin da ya fi damun mai karatu Musulmi shi ne yadda Musulunci yake fitowa a littafin: wani yanayi na zuciya, wani salon rayuwa na gabas da ya rina ɗabi'ar Bakastile. Shari'a da isnadi da mazhaba da zuwa hajji da neman ilimi a Madina da Ƙairawan, abubuwan da su ne ginshiƙin rayuwar mutumin Andalus, ba su sami wurin zama ba. Musulmi a wurin Kastro sinadari ne da aka zuba a tukunyar wani.

Kalmarsa ta zaman tare, wadda a harshensu ake ce wa convivencia, ta sha wahala a hannun mabiyansa fiye da a hannunsa. Shi bai musanta gaba da zub da jini ba. Waɗanda suka zo bayansa ne suka mayar da Andalus wani lambun haƙuri da juna irin na wannan zamani. Abin da ya wanzu shi ne hukuncin zimma: kariya ga rai da dukiya da wurin ibada a bakin jiziya da yarda da fifikon masu mulki. Tsari ne da ya ba Kirista da Yahudu damar rayuwa da alƙalansu da limamansu na ƙarnoni, kuma sarakunan Kirista sun yi irinsa ga Musulmin da suka faɗa ƙarƙashinsu. Amma a cikin wannan tarihi ne aka zartar da hukuncin kisa kan Kiristoci kusan hamsin a Ƙurɗuba tsakanin 850 da 859, mafi yawansu bisa zagin Annabi a fili ko ridda, a cikinsa aka far wa Yahudun Garnaɗa a 1066, a cikinsa kuma Muwahhidun suka ƙuntata wa ahlul kitabi har iyalan Musa bin Maimun suka bar Ƙurɗuba. Wanda ya ɓoye waɗannan don ya kare Musulunci ya miƙa wa abokin hamayya makami ne kawai.

Sanches-Albornos ya fi Kastro sanin takardu nesa ba kusa ba. Rayuwarsa ya ƙarar a kan kundayen Asturiya da Liyon, kuma inda ya kama Kastro da gaggawar yanke hukunci, sau da yawa gaskiya tana tare da shi. Matsalar tana ga ginin da ya ɗora a kan wannan sani. A wurinsa akwai wata ɗabi'a ta Basifaniye da ta girmi Rumawa, ta ratsa zamanin Gotawa, ta tsira a duwatsun arewa, sannan ta sauko ta karɓi abinta. Musulunci a wannan hoto hatsari ne da ya karkatar da Sifaniya daga hanyar sauran Turai. To, ina za a kai Ibn Hazm da Ibn Rushd da masallacin Ƙurɗuba? Amsarsa ita ce duk abin kirki da Andalus ta haifar jinin Sifaniya ne ya haifar da shi, har ya jera Ibn Hazm a sarƙa ɗaya da Seneka, masanin falsafar Rumawa haifaffen Ƙurɗuba, da Unamuno na ƙarni na 20. Wannan tunani ya gada ne daga Huliyan Ribera, masanin Larabci da ya kwatanta jinin Larabawa da ɗigon rini a cikin tafki: ruwan ya sake launi, amma ruwan nan ne dai. Abin murmushi, kalmar albornoz da sunan wannan malami ya ƙare da ita, a Sifaniyanci aro ce daga al-burnus na Larabci.

Misalin Ibn Hazm ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne gardamar take tsayawa ko ta faɗi. An haife shi a Ƙurɗuba a 994, ya rasu a 1064. Shi ya danganta kansa da wala'in Farisa, amma Ibn Hayyan, masanin tarihi na zamaninsa, ya ce asalin gidansu muwalladun ne daga yankin Labla, wato 'yan ƙasa da suka musulunta. A ce ma maganar Ibn Hayyan ce daidai, me ta tabbatar? Mutumin da ya rubuta al-Muhalla da al-Ihkam da al-Fisal, wanda ya rungumi mazhabar Dawud az-Zahiri na Bagadaza, wanda ya tattara nasabar ƙabilun Larabawa a littafi guda, ba da Seneka yake zance ba. Ya so ƙasarsa so mai tsanani, har ya rubuta risala kan falalarta, amma a cikinta da malaman Iraƙi da na Ƙairawan yake auna malaman Andalus. Ƙasar tasa ce, kuma duniyar da yake numfashi a cikinta Darul Islam ce. Sanches-Albornos ya kasa riƙe waɗannan biyu a hannu ɗaya saboda ya riga ya yanke cewa ɗan ƙasa na gaskiya Kirista ne, saboda haka duk ɗan ƙasar da aka samu Musulmi dole Musuluncinsa ya zama fenti.

Binciken da ya biyo baya ya ci gaban su duka biyun. Piyer Gishar, Bafaranshe, ya nuna a 1976 cewa Larabawa da Barbar sun shigo da tsarin ƙabila da na aure irin nasu, sun kuma dasa shi, abin da sunayen garuruwa masu farawa da Bani a yankin Balansiya ke shaidawa har gobe. Ke nan ɗigon rinin Ribera ya yi kaɗan. Ricad Buliyet kuma, a 1979, ya bi sunayen kakannin malamai a littattafan tarajim, ya kimanta cewa musuluntar 'yan ƙasa ta tafi a hankali, ta yi ƙarfi a ƙarni na 10, har zuwa wajen 1100 mafi rinjayen mutanen Andalus sun zama Musulmi. Ana iya gardama kan lissafinsa, amma sunaye ba sa ɓuya. Banu Ƙasi, sarakunan kwarin Ebro, zuriyar wani basarake ne na zamanin Gotawa. Ibnul Ƙuɗiyya, masanin nahawu da tarihi da ya rasu a 977, sunansa yana nufin ɗan Bagotiya, kuma yana alfahari da kakarsa Sara, jikar sarki Witiza. Halifa Abdurrahman an-Nasir kansa, wanda ya ɗauki laƙabin halifa a 929, kakarsa ta wajen uba 'yar gidan sarautar Bambaluna ce. Mafi yawan masu salla a masallacin Ƙurɗuba a zamaninsa jikokin waɗanda Ɗariƙ ya tarar ne, a lokacin da wani Kirista mai suna Albaro ya riga ya koka tun wajen 854 cewa samarin Kirista sun fi ƙwarewa a Larabci fiye da Latin.

Wannan sakamako yana taɓa karatun Musulmi kamar yadda ya taɓa na Turawa. Babbar taskar da ake ɗiba daga gare ta ita ce Nafhuɗ Ɗib na al-Maƙƙari, mutumin Tilimsan da ya rasu a Alƙahira a 1632. Littafi ne da ba shi da tamka wajen adana nassoshin da asalinsu ya ɓace, amma mai shi bai taɓa taka Andalus ba, kuma ya rubuta ne bayan komai ya ƙare, ga mutanen Sham masu son jin labarin abin da aka rasa. Daga shi zuwa Shakib Arsalan da mawaƙan ƙarni na 20 aka gaji hoton aljannar Larabawa da ta kuɓuce. A cikin wannan hoto Barbar, waɗanda su ne mafi yawan rundunar Ɗariƙ, sun dushe, muwalladun kuwa ba a ganinsu sai in za a ambaci tawayen Umar bin Hafsun. Labarin ƙona jiragen ruwa, wanda ba ya cikin tsofaffin madogara irin Ibn Abdil Hakam, sai a ƙarni na 12 ya bayyana a wurin al-Idrisi, ya fi yarjejeniyar Tudmir ta 713 shahara, alhali ita yarjejeniyar nassinta yana nan, kuma ita ce ke bayyana yadda aka karɓi garuruwa da yawa ta hanyar sulhu. Wanda ya ce Larabawa sun zo sun tafi ya amince da rabin hujjar Sanches-Albornos bai sani ba.

Haka nan wa'azin da ke cewa Andalus ta faɗi saboda kiɗa da shagala yana da muhallinsa a mumbari, amma bai isa bayanin tarihi ba. Garnaɗar ƙarshe ita ta haifi Abu Ishaƙ ash-Shaɗibi mai al-Muwafaƙat. Abin da takardu suka nuna shi ne rushewar halifanci a 1031, da rarrabuwar ƙasa a hannun sarakunan ɗawa'if masu biyan sarakunan arewa zinari don su kare su daga juna, da dogaro ga rundunonin Murabiɗun da Muwahhidun daga ƙetare, har zuwa karyewar al-Uƙab a 1212.

Akwai kuma ra'ayin Ignasiyo Olagwe, wanda ya wallafa a 1969 cewa Larabawa ba su taɓa cin Sifaniya da yaƙi ba, 'yan ƙasa ne masu ƙin Tirniti suka rikiɗe zuwa Musulunci da kansu. Ya yi wa wasu daɗi saboda yana wanke Musulunci daga zargin mamaya. Ba ya bukatar dogon raddi. Akwai dinarin shekarar 98 ta Hijira mai rubutun Latin a fuska ɗaya da sunan al-Andalus da Larabci a ɗaya fuskar, akwai hatiman dalma na gwamnonin farko, akwai kundin tarihin da wani Kirista ya rubuta da Latin a 754 yana kukan abin da ya faru. Fatahi ya auku, musuluntar 'yan ƙasa ta biyo baya, ɗaya bai soke ɗaya ba.

Inda tambayar ɗan ƙasa ta fi zafi shi ne bayan faɗuwar Garnaɗa, kuma fuƙaha'u ne suka fara fuskantarta. A 1491 aka tambayi al-Wansharisi a Fas game da wasu mutanen Andalus da suka yi hijira zuwa Magrib, suka tarar da talauci, suka yi nadama suna son komawa. Ya tsananta, ya ce hijira daga ƙarƙashin mulkin kafirci wajibi ce, fatawar tana cikin al-Mi'yar. A 1504, bayan an tilasta wa Musulmin Kastila karɓar Kiristanci a 1502, Ahmad bin Abi Jum'a al-Wahrani ya ba waɗanda suka kasa fita rangwamen ɓoye imaninsu da yin ibada gwargwadon iko. Duk wanda aka bi a cikin biyun, tambayar da kanta shaida ce: baƙo ba ya neman fatawa kan barin masauki. Tsakanin 1609 da 1614 sarki Filib na Uku ya kori kimanin mutum 300,000, dukkansu an yi musu wankan coci a hukumance, Balansiya kaɗai ta rasa kusan sulusin mutanenta. Suka watsu a Tunis da Tastur da Tiɗwan da Ribaɗ. A 2015 majalisar Sifaniya ta yi dokar bai wa zuriyar Yahudun da aka kora a 1492 damar zama 'yan ƙasa, zuriyar waɗannan kuwa ba ta shiga cikin dokar ba.

Su waɗanda aka kora sun bar amsarsu a rubuce. Tun 1462 Isa bin Jabir, mufti a Shaƙubiya, ya tsara taƙaitaccen littafin farillai da sunnoni da harshen Kastila saboda jama'arsa sun daina jin Larabci. Bayansa suka riƙa rubuta harshen nasu da baƙaƙen Larabci, abin da ake kira aljamiado, daga al-ajamiyya, kalmar nan dai da Bahaushe ke kiran rubutunsa na ajami da ita. A 1884, a wani ƙauye kusa da Saraƙusɗa mai suna Almonasid, masu gyaran wani tsohon gida suka tarar da tarin littattafai ɓoye a ƙarƙashin daɓe, inda mai su ya adana kafin kora. Wasu sun lalace kafin a gane darajarsu. A cikin waɗanda suka tsira akwai surorin Alƙur'ani da fassararsu, da addu'o'i, da ƙissoshin annabawa, da fiƙihun Malikiyya, har da fassarar at-Tafri' na Ibnul Jallab, da yawansu cikin harshen da maƙwabtansu Kirista ke magana da shi a kasuwa. Ɗaya daga cikin malaman biyu da suka jagoranci tsara jerin waɗannan littattafai a 1912 shi ne Huliyan Ribera, mai misalin ɗigon rini.